Gwanayen lamba takwas a tarihin zari-ruga, da dalilin sanya Parisse a cikinsu

Malam, tambayarka kashi biyu ce. Ka ce ka fara bibiyar wasan zari-ruga mai 'yan wasa goma sha biyar, kana son sanin waɗanda suka fi shahara a gurbin lamba takwas, sannan kana mamakin yadda ake sanya Sergio Parisse na Italiya a sahun farko alhali ya sha kashi a wasanni fiye da 100 da ya buga wa ƙasarsa. A ganina Kieran Read na New Zealand ne ya fi cika sharuɗɗan gurbin, Zinzan Brooke ya fi kowa baiwa, Mervyn Davies na Wales shi ne zakaran zamanin da ba a biyan 'yan wasa albashi, Parisse kuwa da cancantarsa ya zauna tare da su. Sai dai wannan hukunci ba zai gamsar da kai ba sai an fayyace aikin da ake nema daga mai wannan lamba, domin kofi tawaga ce take ɗaukarsa, kuma yawan kofuna yakan ɓoye abin da mutum ɗaya ya yi ko ya kasa yi.

A kowace tawaga akwai ƙarti takwas da ake kira 'yan gaba, waɗanda aikinsu shi ne ƙwato ƙwallo da ƙarfin jiki, sai 'yan baya bakwai masu gudu da bugu. Idan aka yi ƙaramin laifi, misali ƙwallo ta suɓuce daga hannu ta faɗi gaba, alƙalin wasa yakan sa 'yan gaban ɓangarorin biyu su sunkuya su haɗa kafaɗu su yi turereniya, abin da ake kira sikiram. Mutum uku ne a sahun farko, dogaye biyu a bayansu, wasu biyu a gefe da gefe, sai mutum ɗaya a can ƙarshe da ya cusa kansa tsakanin dogayen nan yana riƙe da su. Shi ne lamba takwas. Mai lamba tara yakan jefa ƙwallon a tsakiya, mai lamba biyu ya jawo ta baya da diddige, ta gangaro har ƙafafun lamba takwas.

Daga nan shawara ta koma hannunsa, kuma daƙiƙa biyu ko uku kawai gare shi, kansa a sunkuye, ga nauyin da ya kai kusan kilo 900 a kowane ɓangare yana rinjaya a gabansa. Zai iya riƙe ƙwallon da ƙafa ya bar turawa ta ci gaba har abokan karawa su karya doka a ba da fanareti. In kusa da layin gidansu ne, zai iya raka ta da ƙafa har a tsallake layin ya dire ta, a sami tirai mai maki biyar. Zai iya barin lamba tara ya ɗauka ya jefa wa 'yan baya, ko shi da kansa ya ɗauka ya kutsa, ya jawo mai tsaro ɗaya ko biyu a jikinsa, sannan ya miƙa wa wanda ya sami fili. Tun 2009 doka ta wajabta wa 'yan baya tsayawa mita biyar nesa da ƙafar ƙarshe ta sikiram, abin da ya ƙara wa wannan kutse daraja.

Duk wannan mai sauƙi ne idan sikiram ɗinku na tafiya gaba. Inda ake gane gwani shi ne lokacin da ake tura ku baya, ƙwallon mai siffar ƙwai tana tsalle tsakanin ƙafafu, lamba tara na abokan karawa yana bin ta a hankali, lamba bakwai ɗinsu kuma, ɗaya daga biyun da ke gefen sikiram, ya riga ya shirya afkowa. Wanda zai iya ɗauke ta a wannan hali, ya tsaya da ƙafafunsa, ya samo mita biyu ko uku, ya ba 'yan'uwansa lokacin taruwa a kansa, ya ceci tawagarsa daga asarar maki, ko da yake babu allon da zai nuna hakan. Bayan sikiram kuma ana son ya yi tsalle a ƙarshen layi idan an jefo ƙwallo daga gefen fili, ya koma baya ya tari dogon bugu, ya kayar da ƙarti irinsa, kuma ya kasance da hannun da zai iya shiga cikin 'yan baya ba tare da ya ɓata musu tsari ba. Babu wani gurbi a cikin 'yan gaba da ake tara wa ayyuka mabambanta haka.

Gurbin bai kai wasan kansa tsufa ba. A farkon ƙarni na 20 kowace ƙasa da irin jerinta a sikiram. 'Yan Birtaniya sun fi jera uku, biyu, uku, New Zealand kuwa tana jera biyu, uku, biyu, ta bar mutum na takwas a tsaye a waje, har aka sauya doka a 1932. 'Yan Afirka ta Kudu ne suka inganta jerin uku, huɗu, ɗaya da kowa ke bi yanzu, kuma a wurinsu aka fara ganin abin da mutumin ƙarshen nan zai iya yi. Hennie Muller wasa 13 kacal ya buga wa Springboks, tawagar Afirka ta Kudu, tsakanin 1949 da 1953, amma shi ya nuna wa duniya amfanin gurbin. Gudu gare shi irin na 'yan baya, har aka yi masa laƙabi da sunan karen tsere. A 1949, lokacin da All Blacks, tawagar New Zealand, suka je Afirka ta Kudu aka doke su a duk wasanni huɗun da aka kara, Muller yakan fito da sauri ya afka wa mai lamba goma, wanda ke tsara wasan 'yan baya, da 'yan tsakiyarsu tun kafin su motsa, har New Zealand ta rasa yadda za ta yi da ƙwallon da 'yan gabanta suka sha wuya suka ƙwato. A rangadin Turai na 1951 zuwa 1952 ya karɓi jagoranci bayan kyaftin Basil Kenyon ya ji rauni a ido, tawagar ta ci wasa 30 cikin 31, har da 44 da nema da ta yi wa Scotland a Murrayfield, a zamanin da tirai ke da maki uku. Wajibi ne a faɗa cewa dokokin lokacin sun ba shi sarari, domin ba a nisanta masu tsaro yadda ake yi a yau ba.

Brian Lochore, manomi daga yankin Wairarapa, ya jagoranci All Blacks daga 1966 zuwa 1970, kuma a hannunsa aka yi mafi yawan nasarori 17 a jere da ƙasar ta yi tsakanin 1965 da 1969. Shi ne kuma kocin da ya ɗauki Kofin Duniya na farko a 1987. Morné du Plessis na Afirka ta Kudu ya jagoranci ƙasarsa sau 15 ya yi nasara sau 13, amma wasa 22 kawai ya samu a shekara tara, saboda ƙauracewar da duniya ta yi wa ƙasar kan mulkin wariyar launin fata. Su biyun shugabancinsu aka fi tunawa.

Mervyn Davies kuwa wasansa ake tunawa. Dogo ne siriri, malamin makaranta, wanda ake gane shi daga nesa da farin ƙyallen da yake ɗaurawa a kai. Ya fara buga wa Wales a 1969, ya yi wasa 38 a jere ba a taɓa ajiye shi ba. A zamaninsa ba a halatta ɗaga mai tsalle sama ba idan an jefo ƙwallo daga gefe, kowa da tsallensa da gwiwar hannunsa yake nema, kuma a ƙarshen wannan layi Davies ya hana New Zealand sakat a 1971. A shekarar ce tawagar Lions, wadda ake haɗawa daga Ingila da Scotland da Wales da Ireland, ta ci wasa biyu, ta faɗi ɗaya, ta yi kunnen doki a ɗaya, kuma har yau ita ce kaɗai tawagar Lions da ta taɓa rinjayar All Blacks a gidansu. A 1974 suka je Afirka ta Kudu suka buga wasa 22, suka ci 21, na ƙarshe aka tashi canjaras. Davies ya buga duk manyan wasanni takwas na rangadin biyu, har Andy Ripley na Ingila, wanda shi ma gwani ne, ya rasa gurbi. Ana yawan yabon Gareth Edwards a lamba tara, kuma ya cancanci yabon, amma tsabtatacciyar ƙwallon da yake samu daga ƙafafun Davies take fitowa. A 1976 Davies ya jagoranci Wales ta lashe duk wasanninta huɗu a Gasar Ƙasashe Biyar, kuma ana sa ran shi zai ja Lions zuwa New Zealand a shekara mai zuwa. Makonni kaɗan bayan haka, yana buga wa Swansea wasan kusa da na ƙarshe da Pontypool a Cardiff, jini ya ɓalle masa a ƙwaƙwalwa ya faɗi a fili. Ya rayu har 2012, amma bai sake buga wasa ba. Yana da shekara 29 lokacin da abin ya faru. Abin da ya sa nake fifita shi a kan 'yan zamaninsa shi ne an gwada shi a wurare biyu mafi wuya a duniyar wasan, a gidan All Blacks da gidan Springboks, kuma duk biyun shi ya rinjayi takwaransa.

Shekarun 1980 sun kawo masu ƙarfi. Wayne Shelford, wanda aka fi sani da Buck, sojan ruwa ne ɗan ƙabilar Maori. Duk wanda ya ambace shi sai ya kawo wasan Nantes na 1986, inda Faransa ta ci 16 da 3, ya rasa haƙora, aka ɗinke masa mummunan rauni a al'aurarsa ya koma fili, har sai da buguwar kai ta fitar da shi. Ni ba na ɗaukar wannan a matsayin abin koyi, kuma dokokin yau da ke fitar da duk wanda ake zargin ya bugu a kai sun fi dacewa da mutuncin ɗan wasa. Abin da ya kamata a tuna da shi shi ne ya ɗauki Kofin Duniya a 1987, sannan ya jagoranci All Blacks a wasa 14 ba a doke su ko sau ɗaya ba, kuma shi ya tsaya aka mayar wa rawar Maori da ake kira haka, wadda All Blacks ke yi kafin wasa, martabarta, aka daina yin ta da wasa. A Ingila kuma akwai Dean Richards na Leicester, ɗan sanda, mai wasa 48, wanda ba shi da gudu, safarsa kullum a zube, amma yakan riga kowa sanin inda ƙwallo za ta faɗo, kuma in ya rungume ta a cikin cincirindon 'yan gaba babu mai ƙwace ta. Da shi Lions suka rinjayi Ostireliya a 1989. Richards ya iya rabin aikin fiye da kowa, ɗaya rabin kuwa, na gudu da rarraba ƙwallo a fili, sai ya bar wa wasu.

Wanda ya gaji Shelford a 1990, cikin fushin magoya baya da ba su yarda da ajiye kyaftin ɗinsu ba, shi ne Zinzan Brooke na Auckland. Ya buga wasa 58 daga 1987 zuwa 1997, ya ci tirai 17, adadin da a lokacin babu ɗan gaban da ya kai. Abin da ya bambanta shi shi ne yana iya duk abin da mai lamba goma ke yi. Yakan jefa doguwar ƙwallo ta kowane hannu, yakan buga da ƙafa, kuma sau uku ya ci wa ƙasarsa bugun dirof, wato a saki ƙwallon ta taɓa ƙasa sannan a buga ta ta wuce tsakanin sanduna a sami maki uku. Na farko shi ne na wasan kusa da na ƙarshe a Kofin Duniya na 1995 a Cape Town, ranar da Jonah Lomu ya ci Ingila tirai huɗu aka tashi 45 da 29, inda Brooke ya tari ƙwallo daga nisan da ya haura mita 40 ya buga ta ta shiga. Wanda ya fi muhimmanci a wurina shi ne na Pretoria a 1996. A wasan ya ci tirai, sannan kusa da tashi, lokacin da Springboks suka matso, ya buga dirof da ya sa aka tashi 33 da 26, New Zealand ta sami nasarar jerin wasanni a ƙasar Afirka ta Kudu karon farko a tarihinta. Wannan ya nuna cewa ƙwarewar tasa tana aiki a lokacin da ake cikin tsanani. Bai ɗauki Kofin Duniya a matsayin lamba takwas ba, domin a 1987 yana matashi a bayan Shelford, a 1995 kuma an doke su a wasan ƙarshe.

A watan Agustan 1995 aka halatta biyan 'yan wasa, jikinsu ya ƙara girma, tsaro ya ƙara tsari, fili ya ƙuntata. Lawrence Dallaglio na Wasps, mai wasa 85, shi ne ɗan Ingila ɗaya da ya buga kowane minti na Kofin Duniya na 2003, kuma shi ya kutsa ya miƙa wa Jonny Wilkinson, shi kuma ya ba Jason Robinson ya ci tirai ɗaya tilo da Ingila ta samu a wasan ƙarshe da ta ci Ostireliya 20 da 17 a Sydney. Toutai Kefu ya ɗauki kofin da Ostireliya a 1999, ya kuma ci tirai na mintin ƙarshe da ya doke New Zealand 29 da 26 a 2001, a wasan bankwanan kyaftin ɗinsu John Eales. Gary Teichmann ya ja Afirka ta Kudu a lokacin nasarori 17 a jere na 1997 da 1998. Imanol Harinordoquy na Faransa ya fi kowa tsalle a zamaninsa, Taulupe Faletau na Wales kuma ya je rangadin Lions uku, kuma da wuya ka ga ya yi kuskure a bayan sikiram.

Kieran Read ya buga wasa 127 daga 2008 zuwa 2019, ya ɗauki Kofin Duniya a 2011 da 2015, ya gaji Richie McCaw a kyaftin a 2016. Shekararsa mafi kyau ita ce 2013, lokacin da All Blacks suka ci duk wasanni 14 da suka buga, aka zaɓe shi gwarzon ɗan wasan duniya. In kana son ganin gurbin a cikakkiyar siffarsa, nemi wasan Ellis Park na Johannesburg a watan Oktoba na shekarar, wanda New Zealand ta ci 38 da 27. Tsarin tawagar yakan ajiye shi a kusa da gefen fili, inda yake haɗuwa da 'yan bayan abokan karawa waɗanda ya fi su nauyi, ya ja biyu daga cikinsu, sannan ya saki ƙwallon da hannu ɗaya yayin da ake kayar da shi, ɗan'uwansa ya wuce. Ga shi gwanin tsalle, ga karɓar bugun farko bayan an ci maki, ga tsaro mai tsanani. Brooke ya fi shi abin mamaki, Richards ya fi shi ƙarfi a cincirindo, amma na rasa ɓangaren aikin da za a ce Read yana da rauni a kai, kuma ya riƙe wannan matsayi shekara goma a zamanin da tsaro ya fi na kowane lokaci wuya. Abin da za a iya faɗa a kansa, kuma gaskiya ne, shi ne ya yi wasa tsakanin McCaw da Jerome Kaino, ga Dan Carter a lamba goma, cikin tawagar da ta ci fiye da 100 daga wasannin da ya buga. Da wuya aka gan shi a tawagar da ake dannewa daga farko har ƙarshe.

A nan ne batun Parisse ya shigo. An haife shi a 1983 a La Plata ta Ajantina, iyayensa Italiyawa ne, kuma yana da shekara 18 koci John Kirwan ya fara saka shi, a wasa da All Blacks a Hamilton a 2002. Ya buga wasa 142, ya je Kofin Duniya biyar, Italiya ba ta taɓa wuce matakin rukuni ba a ko ɗaya. Italiya ta shiga Gasar Ƙasashe Shida ne a 2000, da 'yan wasa kaɗan da za a zaɓa daga cikinsu, tana karawa kowace shekara da ƙasashe biyar da suka fi ta kuɗi da kulob-kulob da tarihi. Ba zan ce maka sikiram ɗin Italiya ne ya gaza ba, domin a shekarun Martin Castrogiovanni da Andrea Lo Cicero da Salvatore Perugini yana cikin mafi ƙarfi a Turai. Matsalar tana bayan sikiram. Bayan Diego Domínguez ya bar lamba goma a 2003, Alessandro Troncon kuma ya bar lamba tara a 2007, ƙasar ta daɗe ba ta sami tsayayyun magada ba, har a 2009 koci Nick Mallett ya saka ɗan gaba, Mauro Bergamasco, a lamba tara a Twickenham, aka cire shi a hutun rabin lokaci, Ingila ta ci 36 da 11. Lamba takwas yana rayuwa ne da lamba tara da goma, su ne ke mayar da mita biyun da ya samo su zama maki. Parisse ya shafe yawancin shekarunsa yana yin aikinsa, yana kuma yin wani ɓangare na nasu. Shi ke tarar dogon bugu, shi ke tsalle, shi ke kutsawa, shi ke jefa ƙwallon da ya kamata wani ya jefa, kuma abokan karawa sun san cewa in sun tare shi sun tare rabin dabarar Italiya, don haka mutum biyu ko uku suke sa masa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma duk ranar da Italiya ta ɗaga tata za ka same shi a ƙarƙashi: da ta ci Faransa 22 da 21 a 2011, da ta sake cin ta 23 da 18 a 2013 inda shi ya buɗe da tirai, da ta ci Ireland a wannan shekarar, da kuma ranar da ta doke Afirka ta Kudu 20 da 18 a Florence a 2016.

Akwai hujja ta biyu da ta fi wannan ƙarfi, wato abin da ya yi lokacin da ya sami abokan wasa irinsa. Ya yi shekara 14 a Stade Français ta Paris, a gasar Faransa da ke tara gwanaye daga ko'ina a duniya, ya ɗauki kofin ƙasar a 2007, ya sake ɗauka a 2015 yana kyaftin. A 2023, yana da shekara 39, ya ci tirai a wasan ƙarshe da Toulon, ƙungiyarsa ta lokacin, ta doke Glasgow a Dublin ta ɗauki ƙaramin kofin Turai. Sau biyu, a 2008 da 2013, aka sanya shi cikin 'yan takarar gwarzon duniya, yana buga wa ƙasar da ba ta cika cin wasa ba. Masu sukarsa suna cewa yakan ɗora wa kansa fiye da kima, kuma suna da misali: a Paris a 2016, Italiya na baya da maki biyu a mintin ƙarshe, shi ya karɓi ƙwallon ya gwada bugun dirof ya ɓarar, aka tashi 23 da 21. Na yarda cewa wani lokaci yakan gwada abin da bai kamata ba. Wannan aibi ne na gaske, kuma yana cikin dalilan da suka sa na ajiye shi a bayan Read. Amma Read bai taɓa shiga halin da zai waiwaya ya ga babu wanda zai miƙa wa wannan nauyi ba. Wasan da ya kamata ya zama na bankwanan Parisse a Kofin Duniya, da New Zealand a Japan a 2019, guguwar Hagibis ta sa aka soke shi.

Sunaye biyu ba za a tsallake su ba. Duane Vermeulen na Afirka ta Kudu bai fara buga wa ƙasarsa ba sai yana da shekara 26, amma shi aka zaɓa gwarzon wasan ƙarshe na 2019 a Yokohama, inda Springboks suka murƙushe sikiram ɗin Ingila suka ci 32 da 12, kuma yana lamba takwas lokacin da suka riƙe kofin a Paris a 2023 da ci 12 da 11 a kan New Zealand. Shi ne magajin salon Richards a zamanin albashi, ga ƙarin iya ƙwace ƙwallo a ƙasa bayan an kayar da mutum. A ɓangaren mata, Sarah Hunter ta Ingila ta buga wasa 141, ta ɗauki Kofin Duniya a 2014, aka zaɓe ta gwarzuwar duniya a 2016, kuma iya riƙe ƙwallo da ƙafa a bayan sikiram mai tafiya yana cikin abin da aka san ta da shi.

Cikin masu bugawa yanzu, Ardie Savea na New Zealand ya zama gwarzon duniya a 2023, sai dai asalinsa ɗan lamba bakwai ne, kuma gudunsa da ƙarfin ƙafarsa ne suka fi fitowa a wasansa. Grégory Alldritt ya ɗauki babban kofin Turai sau biyu da La Rochelle, a 2022 da 2023, ya kuma lashe duk wasannin Gasar Ƙasashe Shida da Faransa a 2022. Caelan Doris ya yi haka da Ireland a 2023, daga baya aka ba shi kyaftin. Ban sa ko ɗayansu a sahun Davies da Brooke da Read da Parisse ba tukuna, domin Savea bai daɗe a gurbin kamar su ba, Alldritt da Doris kuma ƙasashensu duka a wasan kusa da na kusa da ƙarshe aka fitar da su a 2023. Kofin Duniya na 2027 a Ostireliya ne zai ba su damar gyara wannan.